DOKAR GARI DA ƊAN SANDA: ABIN DA YA KAMATA ƊAN ƘAUYE YA SANI A GAYA

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin dattawanmu ya yi a taron ƙungiya da aka yi nan Gaya. An buga shi yadda ya faɗe shi, domin 'yan'uwa na Yamai da Doso da Kwatano da Kamba waɗanda ba su sami zuwa ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.



Shugaban ƙungiya, wakilin maigari, Allah ya ja zamaninku. Iyayenmu dattawa, malamai, iyayenmu mata da ke can baya, da ku samari, ina gaishe ku da zuwa, ina gaishe ku da rana.

Shugaba ya ce in yi magana a kan abin da ya fi kawo mutanenmu ƙofar gidansa da dare. Ba rashin lafiya ba ne, ba kuma rasuwa ba. Kamu ne. Yau an kama babur ɗin wane, gobe an tafi da awakin wance, jibi an ɗauke teburin ɗan wane daga bakin hanya. Kowa ya zo sai ya ce, "Wallahi Baba ban yi kome ba." In aka bi sawu kuwa, sau da yawa sai a tarar ya yi, bai dai san ya yi ba. Wani lokaci kuma gaskiyarsa ce, amma bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Rashin sani, an ce, ya fi dare duhu.

Ni ba alƙali ba ne, ba lauya ba. Na dai yi shekaru ina rubuta wa mutane takardu a bakin ofis, na ga masu shiga da kuka da masu fita da dariya. Abin da na gani shi zan faɗa muku.

1. WA YA KAFA DOKAR?

Abu na fari, ɗan sanda ba shi ke kafa doka ba. Kai masa ita aka yi, aka ce ya tsare.

Akwai dokar ƙasa, wadda ta hau kan kowa daga Gaya har Bilma, kamar dokar hanya da dokar sata. Akwai kuma dokar gari, wadda ke fitowa daga ma'aikatar magajin gari: inda za a kafa tebur, inda babura za su tsaya, inda za a zuba shara, inda za a yanka dabba, kuɗin tikitin kasuwa. Babbar dokar gundumomi da aka sa wa hannu ran 17 ga Satumba 2010 ita ta ɗora wa magajin gari nauyin tsarin gari da lafiyarsa da tsabtarsa.

Dattawa za su tuna ba haka abin yake da ba. Zamanin Nasara kwamanda na iya rufe mutum kwana 15 ba shari'a, sai a 1946 aka soke wannan. Zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, in aka ce Samariya ta fito shara, ba mai tsayawa tambayar takarda. A 2004 aka fara zaɓen majalisun gundumomi ko'ina cikin ƙasa. A watan Afrilu 2024 kuma aka rushe majalisun, aka naɗa kantomomi su riƙe. To, ko zaɓaɓɓe ne a kan kujerar ko naɗaɗɗe, magana ɗaya ce: dokar gari a rubuce take, da sa hannu, da kwanan wata. Abin da ba a rubuta ba, ba doka ba ne, ra'ayin mutum ne. Kana da ikon zuwa ma'aikatar magajin gari ka ce a nuna maka, cikin ladabi.

2. BA DUK MAI KAKI BA NE ƊAN SANDA

Mutanenmu kowa ya sa kaki sai su ce soja. Wannan kuskure na sa mutum ya kwana yana neman kayansa a inda ba nan suke ba. Gaya kuwa garin iyaka ne, ga Malanbil a tsallaken kogi, ga Kamba a gabas, saboda haka kaki iri-iri ne.

'Yan sanda, su ne na komisariya. Cikin gari aikinsu yake, suna ƙarƙashin ministan cikin gida. Jandarma sun fi aiki a ƙauyuka da manyan hanyoyi, suna ƙarƙashin ministan tsaro. Gardi suna tsaron ofisoshin hukuma da gidan kaso. 'Yan duwan ruwansu kayan da suka ƙetare iyaka. Ma'aikatan gandun daji ruwansu itace da gawayi da kifi da namun daji, kuma wanda ya taɓa sare giginya ba izini ya san su. Sa'an nan akwai ma'aikatan magajin gari: masu yankan tikiti, da masu duba tsabta.

Ga yadda abin ke tafiya. Magajin gari ba shi ne shugaban 'yan sanda ba. In ya ga masu tebur sun cinye hanya, ko dabbobi sun cika gari, ma'aikatansa yake fara turawa su yi gargaɗi. In abin ya ƙi, sai ya nemi hukuma ta haɗa shi da 'yan sanda, su rufa wa ma'aikatansa baya. Shi ya sa ranar kwashe tebura za ku ga mai farar riga riƙe da littafi, ga mai kaki a bayansa. Mai littafin ke da maganar. Mai kakin ya zo ne don kada a yi faɗa. Saboda haka in an tafi da kayanka, tambaya ta fari ita ce: wa ya ɗauka, kuma ina aka kai? Ka sami wannan amsa, ka yi rabin tafiya.

3. LAIFI HAWA UKU NE

Wannan ku riƙe shi da kyau. A dokar Nijar laifi hawa uku ne. Akwai ƙarami, wanda yawanci tara ce ke kashe shi. Akwai matsakaici, kamar sata da duka, wanda ke kai mutum gaban alƙali har gidan kaso. Akwai babba, kamar kisan kai.

Karya dokar gari kusan duka a hawan ƙasa yake. Akuyarka ta fita titi, ruwan wankanka ya malalo hanya, ba ka yanki tikiti ba: tara ce. Ana rubuta maka, ka biya, a yage maka rasiɗi daga littafi mai lamba, gindin takardar ya zauna wurinsu. Magana ta ƙare, ka koma gida ka ci tuwonka.

Amma fa akwai tsani tsakanin hawan ƙasa da na tsakiya, kuma bakinmu ne ke hawa da mu. Zagin ma'aikaci a bakin aikinsa laifi ne dabam. Cin kwalarsa ko ture shi ya fi wannan. Na ga yaron da aka tsayar saboda hular kwano, ya ƙare a gaban alƙali saboda ashar. Hular nawa take? Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

In kuwa har an tsare mutum a komisariya, tsarewar tana da iyaka. Ƙa'idar da aka daɗe ana aiki da ita a laifuffukan yau da kullum awa 48 ce, ba a ƙarawa sai da izinin mai gabatar da ƙara. Kada dangi su zauna gida suna salati. A je da wuri, a tambayi dalili, a kai masa abinci.

4. ABUBUWA HUƊU DA AKA FI KAMA MUTANENMU A KAI

Na ɗaya, dabbobi. A ƙauye akuya ta san hanyar gida, kowa ya san ta wane ce. A birni dabbar da ke yawo ba makiyayi ta shiga hannun hukuma. Akwai wurin tsare dabbobi, kuma kowane kwana da ta yi can kuɗin ci da na tsaro ƙaruwa suke. In wa'adi ya cika ba mai ita, gwanjo za a yi. Wa'adin tumaki da awaki ya fi na shanu gajarta ƙwarai. Iyayenmu mata masu kiwon ragon layya, wannan taku ce. In dabba ta ɓata, kada a soma da gidan mai duba, a soma da can. A tafi da shaida biyu waɗanda suka san ta. In kuwa ɓarna ta yi a gonar wani ko a lambu, wannan maganar sulhu ce a gaban mai unguwa ko sarki, ba a yanke ta a bakin titi.

Na biyu, tebur da rumfa a bakin hanya. Bakin hanya ba na wanda ya riga zuwa ba ne, na gari ne. Tikitin da kake yanka kullum kuɗin ciniki ne na wannan rana, bai mallaka maka wurin ba. Mutanenmu na Yamai sun ga haka a 2016, lokacin da aka bi manyan tituna ana rushe shaguna da rumfuna, har da na waɗanda suka shekara da shekaru suna biya. Saboda haka kada ka zuba dukan jarinka cikin siminti a ƙasar da ba taka ba. In an zo an shafa fenti a bangon rumfarka, ko an yi shela, kada ka ce ai kullum haka suke faɗi. Ka kwashe da hannunka ya fi a kwashe maka.

Na uku, ruwan datti da shara. Tun 1993 aka yi dokar tsabta a ƙasar nan, a 2014 kuma aka yi wadda ta hana leda marar ruɓewa, ko da yake idonku ya gaya muku inda aka kwana. Gaya ta fi yawancin garuruwan Nijar samun ruwan sama. Ledar da ka jefa a magudana da rani, ita ce ke dawo da ruwa ɗakinka a watan Agusta, da sauro, da zawo. Wannan doka ko ba ɗan sanda ya kamata mu bi ta. Haƙa rami a cikin gida don ruwan wanka aikin yini ɗaya ne.

Na huɗu, kabu-kabu. A nan zan daɗe, don a nan 'ya'yanmu suke.

Da aka yi juyin mulki ran 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar da ta haɗa mu da Malanbil. A 2024 Benin ta buɗe nata ɓangaren, namu ya zauna a rufe, mutane da kaya suka koma kwalekwale. Yaran da ke cin abinci a jikin manyan motoci, masu dako da masu lodi da 'yan kamasho, da yawa suka nemi babur. Daga ƙauye ma kowace kaka sai mun ga sababbin fuska. Yaro ya sauka yau, gobe an ba shi babur, jibi yana tsakiyar kasuwa da fasinja biyu da buhun albasa. Ba takardar babur, ba lasin, ba inshora, ba hula, ko katin shaida babu a aljihu. In aka kama shi sai ya ce an tsane shi don shi baƙo ne. A'a, ɗana. Kai ka kai kanka.

Ku kuma masu ba da babur haya, ku ji tsoron Allah. Kuna karɓar kuɗin yini, takardu kuwa suna cikin akwatinku ko ma ba ku yi su ba. In an kama yaro ku ce ba ruwanku. Da ruwanku.

5. ABIN DA YA FARU A 2013

Kada wani ya ce wannan ƙaramar magana ce. A watan Fabrairu 2013, nan garin, 'yan kabu-kabu suka fito zanga-zanga suna kukan matsin da suke sha a hanya. Abu ya rikice, aka yi harbi. Wanda harsashi ya samu ya mutu ba ɗan kabu-kabu ba ne, ba ɗan sanda ba. Yaro ne ɗan makaranta. Allah ya jiƙansa, ya ba iyayensa haƙuri. Labari ya kai Yamai, 'yan makaranta can ma suka fito titi.

Da yawa cikinku kuna nan ranar. Ku tuna daga ina abin ya taso: daga tsayar da babur a bakin hanya, abin da muke gani kullum muna wucewa. Ba rana ɗaya ta haifi wannan fushi ba. Tarawa aka yi, yau kaɗan gobe kaɗan, har tulu ya cika. Mai babur yana ganin kullum cinsa ake. Ɗan sanda yana ganin kullum raina shi ake. Ba wanda ke da takarda a hannu da zai nuna ya ce ga abin da aka yi, ga abin da doka ta ce. Inda ba takarda, sai murya. Inda murya ta ƙare, sai dutse da bindiga.

6. MAGANAR "A GYARA"

To, yanzu na zo kan abin da kowa ya sani, ba mai son faɗi a taro.

An tsayar da kai. Ka san takardunka ba su cika ba. Sai ka matsa kusa, ka rage murya, ka ce, "Ranka ya daɗe, a gyara mana." Ka dunƙule wani abu ka miƙa. Ka wuce kana murna ka yi wayo.

Ni ma na yi, ba zan ɓoye muku ba. Ina saurayi ina da keke da nake ɗaukar kaya, ba fitila. Wani ma'aikaci ya tare ni, na gyara. Bayan kwana uku ya sake tare ni, na gyara. Ashe na zama gonarsa. Ranar da ba ni da ko dala, ranar ya tafi da keken, na je na biya tarar da nake gudu tun fari, sa'an nan na sayi fitilar. Da na lissafa abin da na ba shi a wata biyu, ya sayi fitila uku.

Ku yi lissafin da kanku. A ce kullum kana miƙa dala 40. A wata jika 6 ke nan. A shekara jika 72. Wace takarda ce ba za ta samu ba da jika 72? Ga shi ba ka sayi kome ba. Gobe in wani ya tare ka, ba za ka ce masa ai jiya na biya ba, don ba abin nunawa. In ka buge mutum, kuɗin da ka miƙa ba zai zama inshora ba.

Tara mai rasiɗi tana da zafi, amma sau ɗaya take cizo. Kuɗin yana shiga asusu, kana da bakin tambaya ina aka kai shi, me ya sa magudanar unguwarmu ba a yashe ta ba. In an zalunce ka kuma, rasiɗin nan shi ne shaidarka, da lamba da kwanan wata. Wanda ya gyara ba shi da bakin ƙara, domin a doka mai bayarwa da mai karɓa duka masu laifi ne. A addini ma kun san hukuncin, malamai na zaune, ba sai na faɗa ba.

Ban ce duk 'yan sanda haka suke ba. Wallahi akwai na kirki. Akwai wanda ya tsaya cikin rana tun safe yana raba motoci don 'ya'yanmu su tsallaka, akwai wanda ya maido wa wata 'yar garinmu ɗanta da ya ɓata ran kasuwa bai karɓi ko ruwa ba. In ɓarawo ya shigo da dare, lamba 17 muke kira, ba wani ba. Na banza kuwa, mu ke ciyar da shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

In ka cika takardunka aka ce duk da haka sai ka ba da, kada ka yi faɗa. Ka ce, "Ranka ya daɗe, in na yi laifi a rubuta mini, in je in biya." Sau da yawa wannan kalma kaɗai ta isa. In an ƙi, ka bar babur ɗin, ka riƙe wuri da lokaci a ka, ka nemi wanda ya gani, ka zo wurinmu. Sama da ɗan sanda akwai komisar. Sama da komisar akwai shugabanninsa, akwai parfe, akwai alƙali. Mutum ɗaya ba a cika jin sa ba, amma dattawa uku da takarda a hannu ana ba su kujera.

7. IN KA TSALLAKA

Kalma biyu ga masu zuwa tsallake. Dokar Gaya a Gaya ta tsaya. A Benin tun 2018 aka haɗe 'yan sanda da jandarma suka zama abu ɗaya, a 2024 kuma suka tsananta maganar hular kwano, har da ta fasinja. A Kamba, ƙaramar hukumar Dandi ke da kasuwa da tasha, da nata masu tikiti, 'yan sanda kuwa na tarayya ne. Duk inda ka sauka, ka nemi ɗan garinmu da ya riga ka, ka tambaye shi abin da aka hana kafin ka shimfiɗa kaya. Katin shaida kuma kada ya rabu da aljihunka.

8. ABIN DA NAKE ROƘON ƘUNGIYA

Shugaba, ga shawarata, in jama'a sun yarda.

Ɗaya. A zaɓi dattawa uku waɗanda za su riƙa zuwa komisariya da ma'aikatar magajin gari in an kama namu. Su je tun yanzu su gabatar da kansu, kada a bari sai ranar wuya.

Biyu. Duk yaron da ya zo daga gida neman aiki, mai masaukinsa ya kawo shi wurin sakatare cikin mako na fari, a karanta masa wannan takarda, a duba ko yana da katin shaida. Wanda ba shi da takardar haihuwa a taimaka masa ya nema.

Uku. A buɗe asusu, kowa ya riƙa zuba abin da taro ya yanke, a ranta wa samari su yi lasin da inshora su sayi hula, su biya a hankali.

Huɗu. Asusun ƙungiya ba zai biya ko dala ba sai an kawo rasiɗi. Wanda ya gyara, aljihunsa. Wanda ya zagi ma'aikaci, za mu je mu gan shi don zumunci, amma ba za mu rantse a kansa ba.

Biyar. Sakatare ya sami littafi ya riƙa rubuta duk kamun da aka yi wa namu: rana, wuri, dalili, abin da aka biya. Ƙarshen shekara mu duba. In laifinmu ya fi yawa, mu gyara halinmu. In kuwa wuri ɗaya ne kullum ake cutarmu, mu ɗauki littafin mu kai inda ya kamata.

Dattawa, ku ma da naku. In kun koma gida, ku daina sallamar yaro da addu'a kaɗai. Ku haɗa masa da takardunsa. Ku gaya masa birni ba gidan ubansa ba ne, kuma ba daji ba ne: yana da ƙa'ida, ƙa'idar kuma ana iya saninta.

Na daɗe a tsaye, rana ta yi. Inda na yi daidai Allah ya amfane mu, inda na yi kuskure ku yafe mini, wanda ya fi ni sani ya gyara. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu a kan hanya, ya ba shugabanni ikon adalci, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya.

Wassalamu alaikum.

Sanarwa daga sakatare: Taro ya karɓi shawarwarin nan biyar. Za a zaɓi dattawa uku a taro mai zuwa, bayan sallar La'asar. Masu babur su zo da takardunsu, ko sun cika ko ba su cika ba.